Tantin Da Iska Ke Riƙewa: Kafawa, Fitar Da Iska Da Naɗewa A Yanayin Boɗinga

Idan aka ce maka za a kafa ɗaki wanda babu ƙarfe, babu azara, babu gora a jikinsa, iska kawai za ta riƙe shi, watakila ka ɗauka wasa ake maka. To amma akwai irin wannan tanti, kuma ya daɗe yana aiki a duniya. A maimakon sanduna, wasu dogayen bututai na roba ne aka cusa cikin yadi. Da an sa famfo an hura su, sai su miƙe, su yi baka, su ɗaga rufin sama. Mutum biyu sun isa su tayar da madaidaicinsa cikin 'yan mintuna.

Sai dai akwai wani hanzari. Yawancin tantunan nan an tsara su ne domin masu yawon shaƙatawa a Turai, inda digiri 30 ma ana kukan zafi. A Boɗinga kuwa, da Shagari da sauran ƙasar Sakkwato, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, sannan da asubahin watan Janairu ya sauko wajen 15. Iskar da ke cikin bututun tana bin wannan hawa da sauka ƙafa da ƙafa. Tantin da aka kafa daidai da safe yana iya fashewa da azahar, wanda aka kafa da azahar kuma yana iya zubowa kan masu barci cikin dare. Idan ka gane dalilin haka, sauran aikin duk mai sauƙi ne: za ka san yawan iskar da za ka sa, lokacin da za ka rage, da yadda za ka naɗe shi ya yi maka shekaru.

Ta yaya iska ke zama ginshiƙi?

Ɗauki buhun da babu komai a ciki ka tsayar da shi, zai zube. Yadi da roba duk haka suke: suna jure ja, amma da zarar ka danna su sai su yamutse. Aikin iska a nan shi ne ta ja yadin tun kafin wani nauyi ya hau kansa.

Iska tarin ƙananan ƙwayoyi ce da ido ba ya gani, kullum suna gudu suna karo da duk bangon da ya tare su. Idan ka tura su da yawa cikin rufaffen bututu, karon nasu da bango yana ƙaruwa, kuma shi ne abin da ake kira matsin iska. Ma'aunin da ka fi gani a gejin mai faci shi ne PSI. Tayar ƙaramar mota kan ɗauki wajen 30 zuwa 35. Ƙwallon ƙafa ta gasa tana ɗaukar daga 8.5 zuwa sama da 15. Tantin iyali mai iska kuwa yawanci tsakanin 6 ne zuwa 9, ya danganta da kamfanin da ya yi shi. Wato bai ma kai ƙwallo tauri ba.

Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. PSI 7 daidai yake da nauyin kusan rabin kilo a kan kowane santimita murabba'i. Bututun da faɗinsa ya kai santimita 12, iskar cikinsa tana miƙa shi ta tsawo da ƙarfin kusan kilo 55, fiye da buhun siminti kenan. Idan wani nauyi ya so lanƙwasa bututun, gefe ɗaya zai ƙara jawuwa, ɗaya gefen kuma zai danne. Muddin dannawar ba ta cinye jan da iska ta riga ta yi ba, yadin ba zai yamutse ba, ginshiƙin kuma yana nan tsaye. Idan ta cinye, sai ya karye gwiwa. Abin sha'awar shi ne da nauyin ya sauka sai ya koma yadda yake, saɓanin sandar ƙarfe da za ta lanƙwashe ko ta gora da za ta tsage.

Kauri ma yana da tasiri sosai. A matsi iri ɗaya, idan ka ninka faɗin bututu sau biyu, ƙarfinsa na jure lanƙwasa yana ninkuwa sau takwas. Shi ya sa manyan tantunan asibiti ke da ginshiƙai masu kaurin gaske, amma matsin cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Shi kansa ginshiƙin hawa biyu ne, kamar tayar keke da tif ɗinta. A ciki akwai siririyar roba mai suna TPU, ita ke tsare iska. A waje akwai riga ta yadi mai ƙarfi da zif, ita ke hana robar kumbura fiye da kima. Robar ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar matsin ba. Saboda haka kada ka kuskura ka zuge zif ɗin rigar alhali akwai iska a ciki, don robar za ta ɓullo ta wurin kamar balan-balan ta fashe.

Ka kuma bambanta shi da gidan tsalle-tsalle na roba da yara ke hawa a wuraren wasa lokacin Sallah. Wancan dole injin hura iska ya yi ta aiki, da an ɗauke wuta sai ya kwanta. Tantin da muke magana a kai sau ɗaya ake hura shi a toshe bawul.

Daga ina dabarar ta fito?

Tun a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar dabarar tantin da iska za ta riƙe domin asibitin fagen fama. A 1948 Walter Bird ya gina rumfar iska ta rufe na'urar rada a Amurka. Kamfanin Karsten na ƙasar Holan ya fara yin tantunan iska na masu yawo tun farkon shekarun 1980, sannan kamfanin Vango ya fito da nasa a 2011, daga nan suka yaɗu a kasuwa.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne aikin agaji. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Pakistan a watan Oktoban 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa asibitin tantunan iska a garin Mansehra. Ta sake yin haka a Haiti bayan girgizar Janairun 2010, har da ɗakunan tiyata a ciki. Dalilan a fili suke: ana naɗe su a sa a jirgi ko mota, ana tayar da su da sauri, kuma idan ƙasa ta sake motsi babu bulo ko ƙarfen da zai faɗo wa majinyaci.

Mu ba girgizar ƙasa ce damuwarmu ba, amma mun san ambaliya irin ta Satumbar 2010 da ta raba dubban mutane da gidajensu a yankin Goronyo da wasu sassan jihar Sakkwato, mun kuma san lokutan sanƙarau da amai da gudawa, inda gadajen asibiti kan yi kaɗan. Ga kuma ma'aikatan riga-kafi da ke wuni a ƙauye, da masu awon ƙasa, da 'yan agaji a wuraren taro. Duk wanda cikinsu aka miƙa wa irin wannan tanti, lissafin da ke tafe nasa ne.

Lissafin zafi

Tun farkon shekarun 1700 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya lura cewa idan aka kulle iska a mazubin da ba ya buɗewa, matsinta na tashi daidai da tashin zafinta. A littattafan makaranta an fi danganta dokar da sunan Gay-Lussac. Dalilin mai sauƙi ne: zafi na sa ƙwayoyin iska su ƙara gudu, su riƙa bugun bango da ƙarfi kuma akai-akai.

Kafin mu yi lissafin, sai ka riƙe abu biyu. Na farko, ana auna zafin ne da ma'aunin Kelbin, wato ka ƙara 273 a kan digirin da ka sani. Na biyu, geji ba ya nuna dukkan matsin da ke ciki, yana nuna rarar da ke tsakanin ciki da waje ne kawai. Iskar sararin da muke shaƙa ita ma tana da nata matsin, kusan PSI 14.5. Don haka idan geji ya ce 7, ainihin abin da ke cikin bututun 21.5 ne.

Yanzu a ce ka kafa tanti a filin makaranta a Sifawa a ƙarshen Fabrairu, bayan sallar asuba, zafi digiri 20, ka hura har geji ya nuna 7. Da azahar rana ta doki ginshiƙin, musamman idan yadinsa mai duhu ne. Ka tuna yadda kujerar babur ke yi idan an bar shi a rana. Mu ɗauka iskar ciki ta kai digiri 60. Daga Kelbin 293 kenan zuwa 333. Ka ninka 21.5 da 333, ka raba da 293, za ka samu kusan 24.4. Cire 14.5 na waje, saura 9.9. Ba ka ƙara ko bugu ɗaya na famfo ba, amma geji ya tashi daga 7 zuwa kusan 10, ƙarin kashi 40 cikin ɗari.

Me hakan ke nufi ga ɗinki? A bututu mai faɗin santimita 12, a PSI 7, kowace mita ɗaya ta tsawon ɗinkin tana riƙe da jan kusan kilo 300. A PSI 10 ya haura kilo 400. Yadin yakan ɗan buɗe ya rage kaɗan daga ciki, amma ba ya rage da yawa. Kuma jan da ke zagaye bututu ninki biyu ne na wanda ke bin tsawonsa, shi ya sa za ka ga tiyo ko tif idan za su fashe ta tsawo suke tsagewa.

Mu juya lissafin. A watan Disamba ka isa Ɗanchadi da rana tsaka, ka hura zuwa 7 lokacin da ginshiƙin ke digiri 45 a cikin rana. Cikin dare hunturu ya sauko, ya koma 15. Lissafin zai ba ka kusan PSI 5. Ginshiƙin zai yi laushi, rufi ya sunkuyo, idan iska ta kaɗa da ƙarfi ya durƙusa. Da safe sai ka ji ana cewa tantin ya huje, alhali babu ko huji ɗaya.

Darasin dai shi ne: lambar da aka rubuta a jikin tanti ita ce iyakar da ba a so a wuce a lokacin da ya fi zafi. Idan da sanyin safiya kake kafawa kuma tantin zai wuni a rana, tsaya ƙasa da lambar da PSI ɗaya ko biyu, sannan ka sake aunawa kafin azahar, ka rage idan ta haura. Idan da rana ka kafa, ka dawo bayan magariba ka ƙara masa. Wanda ya ƙara da dare kuma kada ya manta ya rage da hantsi.

Wasu famfuna suna da bawul mai sakin rarar iska. Yana da amfani, amma lokacin da kake hurawa kawai yake kare ka. Da ka cire famfon, babu ruwansa da abin da rana za ta yi. Sai dai idan a jikin ginshiƙin aka sa irin wannan bawul, kuma ba kowane tanti ke da shi ba. Duba naka ka sani.

Zaɓen wuri da kafawa

Kafin ka kwance jaka, fara da ƙasa. Abokan gabar tantin nan a yankinmu sanannu ne: ƙayar aduwa, ta bagaruwa da ta magarya, tsidau, ƙarangiya, da tushen karan gero ko dawa da aka bari a gona bayan girbi. Share wurin da tsintsiya, ka bi da hannu ko tafin takalmi, sannan ka shimfiɗa tamfol ko tabarma a ƙarƙashi. Ka guji kwari da hanyar ruwa idan damina ce, ka guji kusa da suri.

Inuwa tana rage maka matsalar zafi ƙwarai. Inuwar dogonyaro ta fi, tunda ba shi da ƙaya. Gawo yana ba da inuwa da rani, amma yana zubar da ƙaya, sai ka share sosai. Da damina kuwa kada ka kafa ƙarƙashin doguwar bishiya saboda tsawa da karyewar reshe. Idan babu inuwa, ana iya ɗaura tamfol mai haske a sama da tantin, a bar tazara tsakaninsu don iska ta ratsa.

Sai ka duba inda iska ke fitowa. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura. Hadarin farkon damina kuma yawanci daga gabas yake tasowa da guguwa a gabansa. Ka juya wa wannan ɓangaren ƙuƙutaccen bayan tantin, ƙofa ta kalli ɗaya wajen.

Daga nan ga yadda aikin ke tafiya. Shimfiɗa tantin, ka ja kusurwoyinsa huɗu su miƙe, ka kafa musu turaku tun kafin ka taɓa famfo. Tantin da aka hura ba a ɗaure ba, iska kaɗan ta isa ta kwashe shi. Ka ɗan buɗe ƙofofi domin iskar waje ta samu shiga yayin da rufin ke tashi, in ba haka ba zai riƙa mannewa da ƙasa. Tabbatar bawul ɗin fitar da iska a rufe yake, kuma babu yashi a bakinsa. Fara hura ginshiƙin tsakiya, wani ya shiga ciki ya ɗan tallafa masa da hannu ya tashi. Idan ka ga ya murɗe ko ya naɗe a wani wuri, dakata ka warware, domin a wurin murɗewar ne roba ke cijewa ta yage.

Famfon hannu mai geji da ya zo da tantin shi ne abin amfani. Injin iska na mai faci yana tara matsin da ya haura PSI 100, kuma gejinsa ba ya nuna ƙananan lambobi da kyau. Cikin ƙiftawar ido zai wuce iyaka. Ka kuma lura cewa famfo yana ɗumama iskar da yake turawa, taɓa jikinsa bayan aiki ka ji. Don haka ka jira kamar minti goma ka sake aunawa. Idan gejin ya lalace, matsa ginshiƙin da hannu: ya kamata ya yi tauri amma ya ɗan nutsa. Idan ya yi kamar icce, ya wuce.

Bayan ginshiƙai sun tashi, rufe zif ɗin ƙofofi kafin ka kafa sauran turaku. Idan ka ja su a buɗe, daga baya zif zai ƙi haɗuwa.

Iskar waje da igiyoyi

Hausa suna ɗaya ta ba wadda ke cikin bututu da wadda ke kaɗawa a waje, amma aikinsu kishiyar juna ne. Ta ciki tana tsayar da tanti, ta waje tana neman kwashe shi. Ƙarfin ta wajen kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan gudunta ya ninka sau biyu, turinta na ninkuwa sau huɗu. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana tura kowace mita murabba'i da kusan kilo 6. Mai gudun kilomita 72 kuwa kilo 24. Gefen tanti mai faɗin mita murabba'i shida zai sha turin da ya kusa buhun siminti uku. Ga kuma wadda ke bi ta saman rufi tana tsotsarsa sama.

Ginshiƙin iska ba ya da nauyin da zai yi gardama da wannan. Igiyoyi da turaku ne ke yi. Ka ɗaura dukkan igiyoyin da aka tanada, ko da gari ya yi tsit, don hadarin Mayu da Yuni ba ya sallama. Kan turke ya karkata nesa da tantin, igiya kuma ta miƙe ba tare da ta lanƙwasa ginshiƙi ba. A jigawa, siraran turakun da ke zuwa cikin jaka ba sa riƙe yashi. Cika buhu da ƙasa, ka ɗaura masa igiyar, ka binne shi kamar kamu ɗaya, ka tattake. A fako ko marmara kuwa sai gutsuren rodi da guduma. A laka ta fadama, turken da ya kama da rani yana iya zarewa da an yi ruwa, sai a riƙa dubawa.

Idan guguwar ta fi ƙarfin tantin, fitar da mutane, ka buɗe bawul ya kwanta, ka danne shi da buhuna. Wannan wata fa'ida ce da tantin ƙarfe ba shi da ita: cikin minti ɗaya ya kwanta, bayan hadari ka sake hurawa.

Huji ne ko sanyi?

Ga hanya mai sauƙi ta ganewa. Idan dukkan ginshiƙai suka yi laushi tare da dare, suka kuma dawo da hantsi, sanyi ne. Idan guda ɗaya ne ya saki, sauran na tsaye, to akwai inda yake zuba. A tantunan da ginshiƙansu ke haɗe da tiyo, sai ka rufe 'yan makullan da ke tsakaninsu kafin ka gane wanne ne.

Fara zargin bawul kafin roba. Ƙurar hunturu da yashi kan maƙale a bakinsa su hana shi rufuwa. Kwaɓa ruwan sabulu ka shafa, inda ka ga kumfa na tashi nan ne. Idan robar ce, fitar da iskar duka, sannan ka zuge riga ka zaro ta. Goge wurin ya bushe, ka manna facin da ya zo da tantin ko tef ɗin da aka yi don TPU. Gam ɗin facin tayar keke an yi shi ne domin wata irin roba daban, ba ya kama wannan da kyau. Wajen mayarwa, ka tabbata ba ta murɗe ba kuma zif bai cije ta ba.

Wuta da gawayi

Wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci, don rai ne a ciki. Yadin tantin nan da robarsa suna narkewa, suna kuma ci da wuta. Alhazanmu sun san labarin gobarar Mina ta Afrilun 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300, bayanta ne aka sauya tantunan can da waɗanda ba sa kama wuta da sauƙi. Tantin yawo ba irinsu ba ne. Murhu, risho, kyandir da maganin sauro na kunnawa, duk a waje kuma nesa.

Akwai kuma haɗarin da ba a gani. Da sanyi mutum kan so ya shigo da kaskon gawayi ya rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Mai barci ba ya farkawa ya ji. Hayaƙin janareta ma haka yake, don haka a ajiye shi nesa, ta inda iska ba za ta koro hayaƙin ciki ba. Tagogin shan iska na tantin kuma a bar su a buɗe ko da ana sanyi.

Fitar da iska da naɗewa

Yawancin lalacewar tanti a nan take farawa, lokacin da kowa ya gaji yana sauri. Abu na farko, ya bushe. Ko da ba a yi ruwa ba, numfashin masu barci da raɓa suna jiƙa yadin, ƙarƙashin shimfiɗar ma yakan yi gumi. Jira hantsi ya busar da shi, amma kada ka kai azahar, don roba mai zafi tana laushi ta manne da juna. Share ciki, ka kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma.

Kwance igiyoyi ka naɗe kowace daban. Cire turakun gefe, ka bar na kusurwa huɗu. Bar ƙofofi a ɗan buɗe ta ƙasa don iskar cikin ɗakin ta samu mafita, in ba haka ba za ka yi ta kokawa da ƙaton balan-balan. Ka tabbata babu kowa a ciki, musamman yara, sannan ka buɗe bawul. Za ka ji ƙara mai ƙarfi, kada ka kai fuskarka kusa.

Nan ma akwai kimiyya. Iskar za ta fita da kanta ne har sai matsin ciki ya yi daidai da na waje, daga nan ta tsaya. Geji zai nuna sifiri, amma bututun cike yake da iska har yanzu. Wannan ragowar sai ka kore ta da kanka. Fara daga ƙarshen da ya fi nisa da bawul, ka bi da tafin hannu ko gwiwa kana turawa zuwa bakinsa. Kada ka taka da takalmi, ƙaya ko tsakuwa na iya maƙale a tafinsa. Wasu famfunan suna da bakin zuƙa, suna sauƙaƙa aikin.

Yanzu cire turakun kusurwa. Ninka tantin ta tsawo har faɗinsa ya yi daidai da tsawon jakarsa, ka ajiye jakar a gefe tana nuna maka awo. Ka tsara ninkin yadda bawul za su kasance a ƙarshen da za ka gama naɗi, kuma a buɗe. Naɗe shi kamar tabarma, a hankali, kana dannawa da gwiwa, iska na gudu gabanka tana fita. Idan ya ƙi shiga jaka, iska ce ta rage a ciki. Warware ka sake, naɗi na biyu kusan kullum ya fi na farko ƙanƙanta. Tura shi da ƙarfi zif kawai zai ɓalle. Turaku da guduma a sa su a tasu jakar daban, kada su soki roba a hanya.

Idan dole ta sa ka naɗe shi a jiƙe saboda ruwan Agusta, ka shanya shi da ka isa gida, kada ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Danshi da ɗumi su ne abincin fumfuna. Ban da haka, ruwa yana narkar da sinadarin da aka shafa wa yadin don hana yoyo, a hankali ya fara danƙo, ya yi wari, ya riƙa ɓarewa. Zafi kuma yana hanzarta wannan lalacewar.

Saboda haka wurin ajiya ya zama busasshe mai sanyi-sanyi. Bayan mota da ke wuni a rana, da saman silin ƙarƙashin kwano, duk ba su dace ba. Ɗora shi a kan katako ko kanta, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da buhunan hatsi saboda ɓera. Idan zai daɗe a ajiye, a riƙa fito da shi kamar sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a hura, a bar shi ya kwana, a ga ko yana riƙe iska. Gara a gano hujin a tsakar gida da a gano shi ranar da ambaliya ta zo.

Hasken rana shi ma yana cin yadin sannu a hankali, ya koɗe, ya yi rauni. Tantin yawo an yi shi ne don kwanaki ko 'yan makonni, ba zai maye gurbin rumfar kara ko ta zana da ke shekara a tsaye ba. Idan aikin na watanni ne, a yi masa rumfa a sama ko a nemi irin na agaji mai kaurin yadi.

Idan wata rana aka damƙa maka irin wannan tanti a Boɗinga, ko Dingyaɗi, ko Shagari, nemi lambar PSI da aka rubuta kusa da bawul ko a jikin jaka, ka riƙe geji kusa da kai, ka auna sau uku a yini: da hantsi, da azahar, da bayan magariba. Ka koya wa duk wanda zai kwana a ciki inda bawul yake da yadda ake buɗe shi.